Za mu kai yara bukkar sukari a Kebek: me za mu tarar, me za mu iya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Watanmu takwas ke nan a Montreal, ni da maigida da yara uku. Maƙwabciyarmu ta ce mu shirya cikin watan Maris mu tafi tare wani wuri a daji da suke kira cabane à sucre, wai a can ake dafa ruwan itace ya zama zuma. Yara sun tasa ni gaba saboda an ba su labari a makaranta. Mene ne gaskiyar abin? Ya kai a sha sanyi dominsa? Kuma mu Musulmi za mu iya cin abincin wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannunku da zuwa, ya baƙunta, ya kuma sanyi? Ilimin gandun daji na karanta, kuma na daɗe ina shiga dazuzzukan mapul (itacen da ake tatsar ruwan nasa) na lardin Kebek a nan Kanada tare da masu wannan sana'a, saboda haka tambayar ta zo gidanta. Ku je. Sai dai bukka suna ta tara. Akwai wadda za ku dawo yara suna ta ba da labari har mako ya zagayo, akwai kuma wadda za ku biya kuɗi ku zauna a ƙaton zaure mai hayaniya, gaban kwanonin da rabinsu ba za ku iya taɓawa ba, ku tashi ba ku ga ko tururi ba. Zaɓen rana da zaɓen wuri ne ke raba su.

Bari in fara da gyaran suna. Mutanenmu a nan kan ce zumar mapul, alhali ƙudan zuma ba su da hannu a ciki. Abin da ya fi kama da shi a wajenmu shi ne maɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a ƙauyukan wajen Maƙarfi, ya ga ana tafasa ruwan rake ana kwashe kumfa har ya yi kauri, to ya ga rabin aikin. Bambancin yana ga ruwan da ake dafawa. Ruwan rake da zaƙinsa yake fitowa, sukarin cikinsa kan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye. Ruwan mapul kuwa in aka miƙo miki a kofi sai ki rantse na famfo ne, garai-garai, sanyi ƙalau, sai can a ƙarshen harshe ki ji ɗan zaƙi-zaƙi kamar an ɗauraye cokalin shayi a ciki. Sukarinsa kashi 2 zuwa 3 ne kacal. Shi kuwa maɗin, dokar Kanada ba ta yarda a kira shi da sunansa ba sai sukarinsa ya kai kashi 66. Don haka ake cewa lita 40 na ruwa ke ba da lita 1, wato jarka biyu masu cin lita 20 a dafe su su koma gora guda. Masu sana'ar suna da lissafinsu na ka: a raba 86 da yawan sukarin ruwan. In kashi 2 ne, lita 43 ake buƙata, in kashi 2 da rabi ne, kusan 34. Ki ba babban yaronki wannan lissafi a mota, ya fi masa wayar hannu.

Abin da ya sa rana take da muhimmanci yana cikin halin itacen. Lokacin zafi ganyensa ke tara abinci, ya adana shi a jiki da saiwa a matsayin sitaci, sai ƙarshen hunturu ya juya shi sukari. To amma ruwan ba ya fita haka kawai don an huda. Sai dare ya yi sanyin da ruwa zai daskare, rana kuma ta yi ɗumin da zai narke, misali digiri 5 ƙasa da sifili da dare, digiri 5 sama da sifili da rana. A cikin katakon mapul akwai ƙananan ramuka masu iska. In dare ya daskare, iskar ta takure, ƙanƙara ta kama bangon ramukan, sai itacen ya zuƙo ruwa daga ƙasa. In rana ta fito ƙanƙarar ta narke, iskar ta buɗe, sai matsi ya taru a ciki, duk inda aka huda ruwa ya biyo. Kamar numfashi ne, shaƙa da dare, fitarwa da rana. Ranar da dare bai daskare ba, ko rana ba ta narke ba, bokiti a bushe yake kwana.

Wannan yanayi mako huɗu zuwa shida yake yi a shekara, tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Afrilu, ya danganta da yanki. Kudancin Montreal kan riga, wajen Beauce da gabashin lardin kan biyo baya. 'Yan Kebek suna kiran lokacin le temps des sucres, kuma a 'yan makonnin nan gaisuwarsu ita ce "Ça coule-tu?", wato yana zuba kuwa, kamar yadda manomi ke tambayar ɗan'uwansa ya ruwa. Da zarar itacen ya fara kumburin toho, ɗanɗanon ruwan ya ɓaci, an gama sai baɗi. Ga ku da ke Montreal, daga tsakiyar Maris zuwa makon farko na Afrilu ya fi tabbas.

Shekarata ta farko na kwashi iyali a farkon Maris, cikin wani mugun sanyi da ya yi kwanaki bai saki ba, muka je wata babbar bukka da na gani a talla. Murhun a mace muka same shi, wani saurayi ya tsaya gaban kaskon da babu komai a ciki yana mana bayani da baki. Tun daga ranar nake yin abu biyu: in duba hasashen yanayi na kwana biyu kafin tafiya, sannan in buga waya in tambaya kai tsaye, "Allez-vous bouillir samedi?", za ku yi dahuwa ranar Asabar? Wanda ya ce sai yadda ruwa ya yi, shi ne mai gaskiya, shi ake so. Wanda ya fara jero miki abinci da kiɗa da gidan dabbobi, gidan abinci yake da shi, itatuwan ado ne.

Kewayen Montreal bukkoki sun yi yawa: Mont-Saint-Grégoire, Rigaud, Mirabel, Saint-Eustache, duk tafiyar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka. Kada ki yi mamaki in kun shiga daji kika ga siraran bututun roba, galibi shuɗaye, sun saƙe itatuwa kamar yanar gizo-gizo. Haka ake sana'ar yanzu. Injin zuƙa ke jawo ruwan ta bututun zuwa tanki, wata na'ura kuma ta tace mafi yawan ruwan ta ware shi kafin a ɗora a wuta, don a rage cin makamashi. Ba algus ba ne, maɗin gaskiya ne yake fitowa. Amma tunda aikin gargajiya kuke son gani, kalmomi biyu za ki nema a waya: chaudières, wato bokitai, da feu de bois, wutar itace. Ƙananan bukkoki na iyali da yawa suna riƙe da wannan, manyan ma wasu kan bar bokitai a itatuwan da ke kusa saboda baƙi.

In kun isa, kada ku fara da ɗaki. Ku shiga cikin itatuwan tukuna. Kowane itace za ki ga an rataya masa bokitin ƙarfe mai murfi kamar 'yar hula, a ƙarƙashin wani ɗan bututu da suke kira chalumeau. Ki sa yara su yi shiru na minti ɗaya. In an kwashe ruwa bai daɗe ba, za ku ji ɗigon yana bugun gindin bokiti, ƙwal, ƙwal, wannan itace da sauri, wancan a hankali, daji gaba ɗaya yana kiɗa. Ki ɗaga murfin guda su leƙa. Wani lokaci za a tarar da faifan ƙanƙara a saman ruwan, tsofaffi kan cire shi su yar, don ruwa zalla ne ke fara daskarewa, sukarin yana ƙasa, sanyi ya rage musu aikin wuta ke nan.

Yara ba sa rasa tambayar ko itacen yana jin ciwo. Ramin bai wuce zurfin santimita 5 ba, faɗinsa kamar fensir, ana ɗan karkata shi sama don ruwa ya gangaro. Ba a huda itace sai kaurinsa ya kai santimita 20 zuwa 25, abin da kan ɗauke shi kusan shekara 40. Kowace shekara sabon rami ake yi nesa da na bara, tsohon kuma ya rufe da kansa. Ki nuna musu tabon tsofaffin ramuka a jikin ɓawon, kamar ƙananan cibiyoyi. Rami guda a kaka guda kusan lita 1 na maɗi yake bayarwa. Wato itacen da ya girmi babansu, duk wahalar shekararsa gwangwani biyu ce. Wanda ya san yadda ake tsaga daƙwara a Yobe ko Jigawa don ta fitar da ƙaro ya san wannan ladabi, a ɗiba ba tare da an kashe ba. A inda ake da doki, za ku ga ana bi itace-itace ana juye bokitai a ganga, mai juyewar yana sanye da wasu takalma masu faɗi kamar faifai don kada ya nutse a dusar ƙanƙara.

Sai ɗakin dahuwa, wanda a wajena shi ne dalilin tafiyar baki ɗaya. Tun daga nesa za ki gane shi, tururi na tashi ta wata taga da ke tsakiyar rufi kamar gobara. Mai tabarau ya cire tun daga ƙofa, don ba zai ga komai ba. Ƙamshin yana tsakanin na alewa da na hayaƙin itace, kuma sai kin wanke mayafinki kafin ya fita. Kaskon dogo ne mai faɗi, marar zurfi, an raba cikinsa layi-layi. Ɗanyen ruwa na shiga ta ƙarshe guda yana bin layukan a hankali, yana ƙara kauri da launi, daga garai zuwa ruwan ɗorawa zuwa ruwan zuma, har ya isa ɗaya ƙarshen inda ake tsiyaye shi. Bayan 'yan mintoci kaɗan mai dahuwa ya buɗe bakin murhu ya cusa faskare, wuta ta yi ruri. Zai yi muku magana amma idonsa na kan ma'aunin zafi. Maɗi ya nuna ne in ya tafasa a digiri 4 sama da inda ruwa ke tafasa, wato wajen 104, kuma da yake inda ruwa ke tafasa kan ɗan motsa da sauyin yanayi, gwani kowace rana yake sake aunawa. Tsofaffi da ludayi suke ganewa: in aka ɗaga ya daina ɗiga ɗaya-ɗaya ya sauko a shimfiɗe kamar zani, ya yi. In aka sauke da wuri zai yi tsami ko fumfuna a ajiya, in aka wuce zai yi tsakuwar sukari a gindin gwangwani. Daga nan a tace shi da zafinsa, don yana fitar da wani laka-laka kamar rairayi daga ma'adinan itacen, sannan a ɗura wajen digiri 85. Ki riƙe hannun ƙaramin sosai a ɗakin nan. Tafasasshen maɗi ya fi ruwan zafi ƙuna domin manne wa fata yake yi.

A nan akwai abin da ya shafe mu wanda yawanci ba a sani ba. In ruwan ya tafasa kumfa kan taso har ta nemi zubowa, kuma ɗigon maiƙo ne ke kwantar da ita nan take. A da, guntun kitsen alade ake ratayawa a saman kasko, in kumfa ta taɓa shi sai ta koma. Yau mafi yawa man tsirrai suke ɗigawa ko wani sinadari da aka yi don haka, masu shaidar biologique, wato noma ba da sinadarai ba, ma man tsirrai kaɗai aka yarje musu. Amma ke da kike neman ƙaramar bukka mai bin tsohon yayi, ke ce ya kamata ki tambaya: me kuke sa wa kumfa? Ba sa jin haushi, masu gudun nama ma suna tambaya. Ban da wannan, maɗin ruwan itace ne da wuta. Ba a tsima shi, bai haɗa hanya da bammi ba.

Asalin sana'ar ba ta Turawa ba ce. Mutanen da suka tarar a ƙasar, irin su Abenaki da Anishinaabe da Haudenosaunee, su ne ke tsaga ɓawon itacen su tari ruwan a ƙoƙon ɓawo, har Anishinaabe suna da watan da suka sa wa sunan dahuwar. Faransawa suka koya a wajensu suka kawo tukwanen ƙarfe. A wancan zamani dafawa ake yi har ya daskare ya zama curi, don ya fi sauƙin ɗauka da ajiya, mazarƙwailarsu ke nan sak.

Abin da yaranki ke ɗoki na san shi, ko ba su faɗa ba. Ana ci gaba da dafa maɗin har wajen digiri 114, sai a fito da shi waje a zuba layi-layi kan tsabtatacciyar dusar ƙanƙara da aka danne a dogon kwami na katako. A jira 'yan daƙiƙu, a ɗora ɗan tsinke a gefe guda a naɗe, ya zama alewa mai danƙo, waje sanyi ciki ɗumi. Sunansa tire, ana furta shi "tir", ko da yake ban taɓa ganin wanda ya ɗanɗana ya ce tir ba. Wanda ya yi gaggawa ya kwaso ruwa, wanda ya yi nawa ya tarar ya ƙi naɗuwa. Biyu sun ishi kowane yaro, na uku ciwon ciki ne a hanyar dawowa. Ki cire musu safar hannu kafin su fara, ki tura bakin hijabinki cikin riga, ki kuma tafi da ruwan ɗumi a filas da tsumma.

Yanzu abinci, kuma ba zan ɓoye miki ba: abincin bukka na gargajiya alade ne daga farko har kusan ƙarshe. Abincin masu saran itace ne a cikin sanyi. Jambon da bacon da saucisses kowa ya gane su. Waɗanda ke yaudara su ne masu kama da namu. Miyar soupe aux pois da ƙashi ko kitsen alade ake dafa ta. Fèves au lard wake ne, ido zai ce miki dafa-dukan wake, amma lard ɗin nan kitsen alade ne. Cretons da ake shafawa a burodi niƙaƙƙen alade ne. Oreilles de crisse, wasu abubuwa masu ƙaras-ƙaras da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, yara kan kai hannu suna zaton cincin ne, soyayyen kitsen alade ne. Tourtière, wani gasasshen fulawa mai nama a ciki, ma haka. Ƙwai da dankali ana iya soya su a maiƙon bacon, ɓawon tarte au sucre (kayan zaƙin da ake gasawa da sukari a ciki) kuma wasu da saindoux suke kwaɓa shi, shi ma kitsen ne. A abin sha, caribou giya ce. Réduit ruwan mapul ne da aka dafa rabi, mai ɗumi da daɗi, lafiya lau ne in daga kasko aka ɗebo miki, amma manya kan tsiyaya masa barasa, don haka ki ga ɗibarsa da idonki.

Mafita biyu ce. Bukkoki da dama kewayen Montreal yanzu suna da tsarin sans porc (babu alade) ko végétarien (babu nama), wasu har da halal, sai dai tun wajen kama wuri ake faɗa, kuma ki tambaya ko tukunya daban ce ko tsame naman kawai ake yi. Ta biyun ita nake bi: mu ci mu ƙoshi a gida, mu biya kuɗin zagaya da tir kaɗai, wurare da yawa suna yarda da haka. Ki gaya wa maƙwabciyarki tun yanzu don kada ta kama muku tebur ta ji kunya. Maganar salla ma a yi ta da mai wuri tun da wuri. A watan Maris na 2007 wata ƙungiyar Musulmi ta je wata bukka a Mont-Saint-Grégoire, an shirya musu abinci babu alade, an ba su wurin salla na 'yan mintoci, sai jaridu suka mayar da abin babban rikici. Kwamitin binciken gwamnatin Kebek na Bouchard da Taylor da ya fitar da rahotonsa a 2008 ya nuna yadda aka yaɗa labarin ya sha bamban da abin da ya faru. An wuce wurin, amma ni har yau na fi son in daidaita tafiyar tsakanin salloli, ko in nemi wani gefe cikin natsuwa. Ku duba kalanda kuma, a 'yan shekarun nan azumi kan ci wani ɓangare na lokacin.

Sutura ba dogon bayani: caɓi ya fi sanyi damuwa, don lokacin narkewa ne. Takalman roba masu dogon wuya, safa biyu, kayan canji ga ƙaramin, da leda ta zuba takalma a but. Asabar da Lahadi cika ake yi, a kama wuri da wuri.

In za ki saya, aji huɗu ne bisa launi: doré, ambré, foncé, très foncé, daga mafi haske zuwa mafi duhu. Ba wanda ya fi wani kyau ko yawan sukari, na farkon kaka ne ke fitowa fari da sanyin ɗanɗano, na ƙarshe ya yi duhu da ƙarfi. Ni ambré nake zubawa a masa inda da zuma za a sa, foncé kuma a kunun gyaɗa, don farin ɓacewa yake yi a ciki. Gwangwanin da aka saba mai mililita 540 yana shekaru in ba a buɗe ba, ya kuma yi kyau da tsaraba. In an buɗe, a juye a kwalba a sa a firji. Mai ciwon suga ya ɗauke shi a matsayin sukari, kasancewarsa daga itace bai canza komai ba. Na roba mai araha da ke kanti kuwa, wanda ba a rubuta érable pur (mapul zalla) a jikinsa ba, yawanci ruwan sukarin masara ne da ƙamshi. 'Yan Kebek suna masa ba'a da sirop de poteau, wai daga turken waya aka tatso shi. In kin shinshina kika ji kamar kin san ƙamshin, kin san shi ɗin: sinadarin da ke ba hulba ƙamshinta ne ake kwaikwayon mapul da shi.

Ga labarin da maigida zai so a hanya. Kebek ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin duniya, kuma ƙungiyar masu sana'ar tana da rumbun ajiya na ko-ta-kwana saboda shekarar da ruwa bai zuba ba. Tsakanin 2011 da 2012 ɓarayi suka yashe kusan tan 3,000 daga wani ɗakin ajiyarta a Saint-Louis-de-Blandford, na kimanin dalar Kanada miliyan 18, suna zuƙe maɗin suna mayar da gangunan cike da ruwa. Da suka ga ba mai dubawa sai suka daina ma cikawa. Asiri ya tonu ranar da mai ƙidaya ya hau kan ganguna, wata ta yi rawa da shi saura kaɗan ya faɗo, ashe babu komai a cikinta.

Abu na ƙarshe, kuma ki yi shi kafin yara su hango kwamin tir, don in zaƙinsa ya riga shiga baki harshe ba ya ƙara jin komai. Ki roƙi mai dahuwa ƙananan kofuna uku: ɗaya na ɗanyen ruwa daga bokiti, ɗaya na réduit daga tsakiyar kasko, ɗaya na maɗi mai ɗumi da aka tace yanzu. Su sha a jere, daga garai zuwa mai duhu. Yawanci ba ya karɓar ko sisi a kan wannan, sai dai ki shirya tsayuwa, don duk wanda na roƙa haka sai da ya ajiye faskare ya ba ni tarihin kakansa. A gaida maigida da yara.